Ramin da Kuka Yanka Kuka Tafi Yana Cin Bangon Inna

Zuwa ga Injiniyan da ke kula da facin titin da ya ratsa unguwarmu a Bungudu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka.

Sunana Lawali, tela ne ni. Gidanmu na ƙasa ne, a bakin titi yake, kuma ɗakin da ke jikin titin na mahaifiyata ne, Inna. Na yi ta sintiri ofishinku a Gusau har masu gadi suka daina tambayata wurin wa na zo. Na gaji, shi ya sa na fito fili.

Na farko. Wani rami ya ɓulle a kwalta daidai bangon Inna. Da rani ba ya damun kowa sai direbobi. Da damina kuwa ruwa yake tarawa, duk tifa ko tirelar da ta faɗa ciki sai ta watsa ruwan a gindin bango. Bangon ƙasa kuma ka san ba ya shiri da ruwa.

Na biyu. Da na ga haka, sai na riƙa ɗebo marmara a baro ina cikewa ina daɓewa. Ba aikin gwani ba ne, amma ruwa ya daina kwanciya.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Bayan Babbar Sallah ma'aikatanka suka zo da fenti da injin yanka. Har ruwan sha muka kai musu don murna. Suka kwashe marmarata, suka yanke bakin ramin ya yi kusurwa huɗu tsaf, suka ja mini kunne kada in sake zuba komai, wai zan ɓata musu aiki, kwalta na nan tafe. Ranka ya daɗe, kwaltar ko daga Tsafe ta taso da rarrafe, ai da ta iso. Abin da muka samu shi ne rami mai kyan gani, ya fi na da faɗi da zurfi.

Yanzu gindin bangon ya zaizaye. Na yi yaɓe, ruwa ya wanke, na sake, ya sake wankewa. Na roƙi Inna ta koma ɗakin ciki, ta ce: "Ba ni hita ɗakin ga. Nan ubanka ya aje ni, nan ya cika. In zai hwaɗi, shi hwaɗi da ni." Ka faɗa mini yadda ake gardama da tsohuwa a kan wannan.

Ina shago ina ɗinki, amma da hadari ya haɗu sai in ajiye ɗinkin, hankalina ya koma kan bangon. Tsoro nake ji, ba na ɓoye maka.

Roƙona bai da yawa. Ku zo ku rufe abin da kuka buɗe. In kwalta ba ta samu ba, ku zuba tsakuwa. In ita ma ta gagara, aiko mini da izini, baki da baki ma ya isa, in cike da hannuna ba tare da an ce na taɓa kayan gwamnati ba.

Shekaranjiya tsaga ta bayyana a bangon ta ciki, saman gadon Inna. Na tokare bangon da azara. Ita kuma ta rataya carbinta a jikin azarar, ta ce na kyauta da na yi mata maratayi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja kwanan mahaifiyarka in tana raye, ya ji ƙanta in ta riga mu.

Wassalam.

Lawali Tela, Bungudu.