Kaset ɗin da Malam Murti ya bar mini

Birnin Kebbi, daren Talata, Satumba 1993

Yau na raka Malam Murti tasha. Ya koma gida Indiya, ba dawowa. Tun muna koyarwa tare a Argungu, duk Juma'a bayan la'asar yakan saka mana finafinan wani tsohon darakta na yarensu, Telugu, yana fassara mini. Mutumin ya fara tun zamanin fim marar kala, kuma manoman shinkafa yake nunawa, mazauna bakin gulbi irinmu. Malam ya ce a can ma an daina kallonsa, tsufa ya zaunar da shi.

A tasha ya miƙa mini kaset ɗin finafinan duka, na karɓa. Ban gaya masa jiya ruwa ya cinye gonata ta Zauro ba, ga shinkafar ta fara fid da kai.

Bayan isha'i na saka wanda muka tsaya rabinsa, na manomin da ambaliya ta shafe wa gona. Ga shi tsaye cikin ruwa har gwiwa, yana yi wa ɗansa magana a hankali, har yaron ya daina kuka. Na mayar da wurin baya na saurara, na sake mayarwa.

Matata Hajo ta ajiye mini tuwo, ta tsaya tana kallo. "Malam, mi shika hwaɗa mai?"

Na ce ban sani ba. Gobe da safe yarana za su tambaye ni labarin gona, ni kuwa ba ni da ko kalma ɗaya.