Tarkon da Na Ɗana wa Thibault

Besançon, 9 ga Maris, 1984

Zuwa ga Yayata Maud,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiyata lau, sai dai abin da ba a rasa ba.

Yaya, kin tuna Thibault Ferrand, wanda muka yi ɗaki ɗaya da shi a makarantar kiɗa ta Lyon? Wanda yake cinye mini cukun da kike aiko mini? Jiya na shiga sayen burodi, sai ga muryarsa a rediyo, matar mai burodin tana bi tana kaɗa kai. Na ce mata abokina ne. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗin?"

Kin san yadda muke a makaranta. Ni ne malamai suke nunawa a ce ga mai hannu. Shi kuwa barci yake yi a aji, daga baya ma ya watsar da kiɗan magabata ya koma waƙoƙin rediyo, muna ta yi masa dariya. Yau ga shi faifansa a kowane kanti, ni kuma shekara goma sha takwas ina koya wa 'ya'yan likitoci inda za su ɗora yatsa a kan fiyano.

Abin da ya fi ci mini rai, waƙar tana da kyau. Na so a ce ba ta da shi.

Ranar Talata ya bugo mini waya. Wai zai yi wasa a Paris cikin Mayu, ba ganga ba jita, daga shi sai fiyano sai masu goge huɗu, yana so in rubuta wa gogunan abin da za su kaɗa. Ya ce, "Gaspard, kai kaɗai na sani da zai iya." Na ce zan yi tunani. Ba zan je ba.

Ki gaida kowa. Ƙaninki,
Gaspard

Paris, 17 ga Afrilu, 1984

Yayata Maud,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu wasiƙarki, na kuma ji daɗi da ƙafar ta saki. Na san za ki yi dariya in kin ga inda aka buga wa wannan ambulan hatimi. E, na zo.

Thibault bai canza ba, wannan ma wani abin haushi ne. Da ya zama mai girman kai da na samu abin riƙewa. Shi da kansa ya tarye ni a tashar jirgi, ya rungume ni yana cewa, "Dubi tsoho, har da furfura!" Daga tasha zuwa gidansa mutum uku suka tsayar da shi su gaisa, ina gefe riƙe da jakata kamar direbansa.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. A cikin waƙoƙin akwai wadda ya yi wa mahaifinsa da ya rasu, ita ya fi so. A tsakiyarta na rubuta wa gogunan wata gaɓa da take ɗauke kiɗan ta kai shi sama, inda na san muryarsa ba ta kaiwa. Na san iyakar muryarsa, shekara uku na yi ina jin ta ta bangon banɗaki. Da gangan na yi, Yaya. Na so ko sau ɗaya ne ya tsaya gaban jama'a ya gaza.

Jiya aka gwada. Sau biyar yana hawa yana zamewa. Dariya kawai ya yi ya ce, "Kai, mutumin nan zai kashe ni!" Amma Solange, mai babban gogen, ta daɗe tana duban takardar. Da aka fita shan gahawa ta matso ta ce mini a hankali, "Malam, wannan gaɓar don waƙar ka rubuta ta, ko don mai waƙar?" Na ce ban gane ba. Ta ce, "Ka gane."

Kada ki yi mini faɗa, na riga na yi wa kaina. Amma ban goge gaɓar ba.

Naki,
Gaspard

Paris, 21 ga Mayu, 1984

Yaya Maud,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Faɗan da na ce kada ki yi ya iso, shafi huɗu, na karanta duka.

An yi wasan ranar Asabar. Kafin a buɗe labule na same shi a ɗakin shiri, na ce a sauke gaɓar nan, cikin minti goma zan gyara. Yana ɗaura maɓallin hannun riga, ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Tun ranar farko na san abin da ka yi, Gaspard. Na san hannunka in kana fushi. Amma duk waƙar babu wurin da ya kai nan kyau. Ba mai taɓa shi."

Na zauna a layi na uku. Da aka zo wurin, gogunan suka tashi, ya bi su, muryarsa ta tsage. Kowa ya ji. Bai tsaya ba, ya ƙarasa da ita a tsagen. Matar da take kusa da ni ta rufe fuska tana kuka. Ashe jama'a sun ɗauka tuna mahaifinsa ne ya karya masa murya. Tafin da aka yi, ban taɓa jin irinsa ba.

Kin ga irin mutumin? Na haƙa masa rami, ya faɗa, aka tafa masa.

Sannan ya kira sunana, ya sa na miƙe gaban mutum dubu biyu. Na so ƙasa ta buɗe in shige. Kuma Yaya, kunyar faɗa nake ji, amma tafin ya yi mini daɗi.

Ba zan ce miki kishin ya tafi ba, ƙarya zan yi. Da safen nan na ga hotonsa a jarida, sunana a layin ƙarshe, an ma rubuta shi ba daidai ba, sai da na kasa ƙarasa gahawata. Amma ya ce in bi su zagayen garuruwa cikin kaka, kuma na rubuta wa makarantar da nake koyarwa cewa ba zan dawo ba. Garinku Lille na cikin jerin, ki tanadi ɗaki.

Na fara rubuta wa gogunan sabuwar waƙarsa. Wannan karon babu tarko a ciki. Sau uku na duba, sannan na kai wa Solange ta sake dubawa, don ban yarda da kaina ba tukuna.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Gaspard