Kuɓewar Inna a Kan Sola

Zuwa ga Yaya Nuruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Sadiya da yara, da ruwan Fatakwal da ba ya gajiya. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, an gama yankan gero a gonar Dauran, ni kuma ina nan Ƙaura da koyarwata. Na zaɓi in rubuto in ba direba ne domin na san halinka a waya: kafin in kai rabin magana ka yanke hukunci.

Maganar Haladu ce, wanda ya haɗa solar da ka saya wa 'yar'uwarmu Kubra don shagonta na ƙofar gida a Zurmi. Ka san yadda abin ya fara da kyau. Tun da aka haɗa ta Kubra ta tura janareta ƙarƙashin gado, ta huta da yawon neman mai a galan. Firij ya wuni da sanyi, kunun aya ya daina tsami kafin la'asar, direbobin Shinkafi suka riƙa tsayawa shan zoɓo suna barin wayoyinsu caji. Inna ma ta ce tun rasuwar mijin Kubra ba ta ga ta sake haka ba. Sai ga shi bayan damina wuta ta fara ɗaukewa da rana tsaka, kaya suna lalacewa. Haladu ya zo daga Ƙaura har sau uku, ya duba batir, ya duba wayoyi, bai ga komai ba. Kai kuma ka kira shi yana cikin mutane, ka ce jabu ya saka mana. Maganar ta yi yawo, Yaya. Masu shago biyu a Shinkafi da suka yi niyyar ba shi aiki sun fasa.

To, ga abin da ya faru. Ranar Asabar da na je gida, Haladu ya roƙe ni in ɗauki hoton fayafayan solar da tsakar rana in tura masa, ba tare da na gaya wa kowa ba. Ka tuna a tsakar gida aka kafa su kan ƙarafa, saboda kwanon rufin ya tsufa. Ina leƙawa sai na tarar da tabarma shimfiɗe a kansu, an baza kuɓewa yankakka tana shan rana. Inna ce. Ta samu wuri mai zafi da tsabta, inda akuya ba ta kaiwa, kaji ba sa hawa. Tabarmar ma, in ji ta, don kada yauƙi ya ɓata maka kayanka ta shimfiɗa, kuma tana ganin gilashin zai huta da dukan rana. Kubra tana gani kullum, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

Za ka ce yaya aka yi Haladu bai gani ba. Ai ka san gidanmu. Namiji ba ya shiga sai ya yi sallama ya jira a zaure an kimtsa. Inna kuwa abin da take fara kwashewa shi ne shanyarta, don kada baƙo ya ga gida a hargitse. Duk zuwan da ya yi, tas yake tarar da fayafayan, har da goge su take yi masa.

Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma kunya ta rufe ni. Da na yi wa Inna bayanin cewa ranar da take karewa ita ce abincin na'urar, sai ta tashi ta kwashe shanyarta. Washegari ta yafa mayafinta, da ƙafar nan tata, ta bi ni Ƙaura har gidan su Haladu ta ba mahaifiyarsa haƙuri. Ta kai mata kuɓewar ma. Yanzu an kafa mata rumfar shanya a bayan ɗaki, firij kuma tun ranar bai sake ɗaukewa ba.

Haladu bai riƙe mu ba. Ya ce laifinsa ne da bai yi wa tsohuwa bayani tun farko ba. Amma ni ban yarda a bar shi haka ba. Cikin mutane ka ɓata shi, kuma da sunansa yake ciyar da iyalinsa. Kullum bayan azahar yana bakin shagonsa, mutanen nan da suka ji ka suna zaune tare da shi.

Ka gaishe da Anti Sadiya, da Mubarak, da Nabila. Inna da Kubra suna gaishe ku, haka Kawu Bawa. Inna ta je da ƙafarta, Yaya. Kai kira kawai za ka yi, kuma lambarsa ba ta canza ba.

Ƙanwarka,
Zulaihat