An Ɗauko Wani Dogo Bayan Ƙanena

Hajiya Balkisa, don Allah ki taimaka mini da shawara, abin ya tsaya mini a rai.

Ni ce babba a ɗakinmu, ni na riƙe ƙanena Abdurrazak tun rasuwar innarmu a Tabla. Allah ya ba shi tsawo, ƙofar ɗakina nan Filinge sai ya sunkuya yake shiga. Yanzu ƙwallon kwando yake buga wa wata ƙungiya a Yamai, da ita yake ciyar da iyalinsa. Aikinsa tsayuwa ƙarƙashin kwando, ya kaɗe duk ƙwallon da abokan karawa suka jefo. Shi kaɗai ne dogo a cikinsu, don haka ba a fitar da shi ya huta. Da ya zauna, sai a yi ta zura musu.

Da ya zo hutun babbar salla na ga gwiwarsa a kumbure, a zaune yake salla. Matarsa Najiba ta ce haka yake bayan kowane wasa, kuma ya hana ta faɗa. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba.

To, watan jiya shugabanninsu suka ɗauko wani dogon yaro daga Abala, Kamal, wai mai canjinsa in ya gaji a wasa. Wallahi da na ji, har sujadar godiya na yi. Shi kuwa ya kira ni ransa a ɓace, wai ƙungiya ba ta buƙatar dogo biyu, da mai jifa daga nesa aka kawo ya fi, shirin korarsa ake. Na yi shiru, ya ɗauka ina bayansa. In gaya masa daɗi na ji? Ko shi ke da gaskiya?

Yayar Dogo, Filinge

Ƴar'uwa, kwantar da hankalinki, murnarki ba cin amana ba ce.

Tsoron ƙanenki yana da dalili. Wasa sana'a ce, sabon jini yakan ture na da, kuma akwai ƙungiyoyin da ke tafiya lafiya da dogo ɗaya da masu sauri. Amma tasu ba haka take ba, ke kika faɗa: da ya zauna kwandonsu ya buɗe. Ranar da laifuffukansa suka cika alƙalin wasa ya fitar da shi, ko gwiwar ta ƙi, wa zai tsaya? Suna buƙatar Kamal, shi ma yana buƙatarsa.

Ki kira shi ki faɗa masa gaskiya. Kada ki soma da Kamal, ki soma da gwiwa, ki sa ya je likita ya duba ta cikin makon nan. Sannan ya tambayi mai horar da su kai tsaye ina matsayinsa, ya daina zato. Ya kuma ja yaron a jiki ya koya masa aiki. Ƙungiyar da ta nemo masa mai canji so take ya daɗe yana buga mata.

Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri kan riƙon da kika yi masa.

Hajiya Balkisa