Dutse a Layi

Litinin, 3 ga Maris
Kwamitin raya gari ya kawo min tarihin garin nan da za a rubuta a allon shataletale. Wai in gyara musu waƙafi. Shekara ashirin da shida ina riƙe da laburare, abin da na cancanta ke nan, waƙafi. Layin farko: “Jarumai ne suka kafa wannan gari.” Waɗanne jarumai? Garin da ko karnukansa ba sa haushi sai sun ga wani ya fara.

Laraba, 5 ga Maris
Na sauko da tsofaffin takardun tasha daga saman kabad, na sha ƙura. Komai na nan. Babu gari a wurin nan sai da aka shimfiɗa layin dogo. Jirgi na tsayawa shan ruwa, famfon tanki kullum a lalace, sai aka nemo mata daga ƙauyuka suna cika shi da garwa a ka. Su goma sha bakwai. Su suka fara kafa bukkoki a gindin tankin. Ta tara a jerin sunayen Kakarmu ce.

Na kai wa Auta, tunda ƙanin nawa shi ne shugaban kwamiti. Ya karanta yana kaɗa mukullin mota. Ya ce, “Haba Yaya, baƙi za su wuce su karanta. Mu ce musu ’yan ga-ruwa ne suka haife mu?” Na ce da kuɗin garwar aka yi wa ubanka wandon makaranta. Ya ce in rage murya. Na ƙara.

Asabar, 8 ga Maris
’Yata ta kira. Ɗakina a gidanta ya kammalu, ƙarshen wata za ta turo mota. Madalla. Ni dai ban taɓa son garin nan ba. Titi biyu, shagon magani takwas, ba shagon littafi ko ɗaya. Gaskiya kawai nake karewa, kada wani ya ɗauka ƙauna ce.

Lahadi, 9 ga Maris
Kwali huɗu na ɗaure. Duk littattafai.

Talata, 11 ga Maris
Asibiti, awon hawan jini. Kamar kullum ba kowa a layi sai duwatsu jere a ƙofar likita, masu su suna can inuwa suna gulma. Wannan ɗabi’a ta ishe ni tun ina yarinya. A banki dutse, a famfo dutse, kuma ba mai taɓa na wani ko ya tsallake shi. Na faɗa da ƙarfi cewa lalaci ne. Inna mai shara ta dogara da tsintsiyarta ta ce, “Ke da kika haɗiye littattafai ba ki san mafarinsa ba? Uwata na cikin matan tanki. Wa zai tsaya a layi ga goyo ga tukunya a wuta? Sai ki ajiye dutsenki ki tafi. Wadda ta taɓa na wata, ranar ba mai ɗora mata garwa.”

Babu wannan a takarda ko ɗaya. Na duba sau biyu. Abin ya ba ni haushi.

Alhamis, 13 ga Maris
Na nemi a ba ni minti biyar a zaman kwamiti na Litinin. Sakatare ya ce jerin masu magana ya cika. Da su wa? Da su kansu.

Na gaya wa Inna. Ta ce, “To.” Shi ke nan, to.

Litinin, 17 ga Maris
Na tafi da niyyar in yi musu ihu ta taga. Na tarar da duwatsu tun daga bakin ƙofar ofis har titi. Na ƙirga sittin da uku. Mata na zaune a inuwar katanga, masu ɗinki, malaman firamare, masu awo, kowa na harkarta kamar ba ita ba. Inna ta ce, “Na farko mun bar miki gurbinsa. Ko ke ba kya ajiyewa?”

Na ajiye. Wani ɓangaren bulo ne ma.

Auta ya iso da manyan kaya, ya tsaya. Sakatare ya ce bari ya share hanya. Wallahi da idona na ga Auta ya riƙe masa hannu. “Kai, ba a taɓawa.” Bai ma san ya faɗa ba. Ya dube ni, na dube shi. Mai jarumai!

Sai da suka saurari mutum sittin da huɗu. Aka tashi bayan la’asar, ba wanda ya ci abincin rana. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Laraba, 19 ga Maris
Ba su cire jaruman ba, sun dai mayar da su layi na biyu. Matan tanki a sama, amma ba sunaye, wai allo ba zai ɗauka ba. Zai ɗauka. Na auna da kaina.

Auta ya aiko a tambaye ni yadda ake rubuta sunan Kaka daidai. Bai zo ba. Matsoraci.

Juma’a, 28 ga Maris
’Yata ta kira kan zancen mota. Na ce ta dakata tukuna, akwai zaman kwamiti ranar bakwai ga watan gobe kan sunayen. Ta ce, “Umma, ke da kika ce garin ya ishe ki?” Ya ishe ni mana. Dutsena ne ke layi, ba yadda zan yi.

Na kwance kwali ɗaya. Ƙamus kawai nake nema.