Bakin Tafkin da Aka Toshe a Arewacin Ruwais

Abdulghani Ubale,
Bayan Masallacin Masunta,
Unguwar Ruwais, Jidda.
12 ga Safar, 1394 (Maris, 1974).

Zuwa ga Mai Girma Mudir,
Sashen Kula da Gaɓar Teku, Jidda.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: LALACEWAR RUWAN TAFKIN AREWACIN RUWAIS

Bayan sallama da gaisuwar ban girma, ni mai suna a sama, tsohon mai sayar da ruwa a amalanken jaki, ina gabatar da kokena. Tun da famfo ya shigo unguwa sana'ata ta mutu, jakin ma ya bi ta. Amalanken kawai ya rage, kuma ni ne na gaji muƙamin jakin.

1. Matata Barakatu ta samu shanyewar ɓarin jiki a shekarar 1389. A ƙasa ba ta iya tsayuwa. Amma a wannan tafki akwai wani wuri inda ruwa ke kai wa ƙirji, wani sanyi kuma yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin yashi. A nan, in na riƙe mata hannu ɗaya, takan tsaya da ƙafafunta. Kowace safiya nakan ja ta a amalanke zuwa can. Masunta suna kirana Jakin Barakatu, ina amsawa, domin ban ga ƙarya a ciki ba.

2. Ranar 9 ga Rabi'u Sani, 1393, wani kamfani mai gina hanyar manyan motoci ya cike bakin tafkin da duwatsu da ɓaraguzan gini. Ta wannan baki ne teku ke shiga da fita. Ba a bar masa ko tafin hannu ba.

3. Ina sanar da Mai Girma, cikin kunya, cewa da farko murna muka yi. Ruwan ya yi kauri, ya riƙa ɗaukar Barakatu fiye da da, har wata rana ta saki hannuna ta yi taku biyu. Da ya fara yin ja a watan Rajab, tsofaffin unguwa suka ce maganin ne ya nuna, kamar yadda jiƙon sassaƙe ke yi. Ni da kaina na sayi tsire na kai wa shugaban leburorin kamfanin don godiya. Ya karɓa, ya cinye, ya ce babu komai.

4. Kafin ƙarshen watan kifi ya taso ciki sama, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya shigo mana har ɗaka. Fatar ƙafafun Barakatu ta saɓule. Likita ya hana ta shiga ruwan. Daga ranar 27 ga Rajab zuwa yau ba ta sake tsayuwa ba.

5. A watan Sha'aban wani masanin ruwa, Dokta Othman, ya zo da kwalabe, ya ɗebi ruwa sama da ƙasa da kuma wurin ɓuɓɓugar, ya toshe su da kakin zuma. Sakamakon ya dawo bayan Hajji. Ya zauna a tabarmata ya yi mini bayani. Gishirin tafkin ya kusa ninka na teku, iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa ta ƙare a ƙasa, jan kuwa wasu ƙananan halittu ne masu son gishiri. Ya ce a cikin ruwa akwai ƙwayoyi marasa nauyi da masu nauyi, rana ta fi saurin kwashe marasa nauyin, kuma awo ya nuna masu nauyin sun taru, alamar babu sabon ruwa da ke shigowa. Na yi rayuwata ina ɗaukar ruwa, na rantse duk nauyinsa ɗaya ne, musamman da azahar. Ashe ban sani ba.

6. Ya ƙara da cewa ruwan ɓuɓɓugar ba na teku ba ne. Tsohon ruwan sama ne da ya sauka a duwatsun gabas tun kafin kakana ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, kuma har yanzu yana nan da ransa a ƙarƙashin wannan ƙazanta. In aka buɗe wa teku hanya, tafkin zai iya wankuwa. Barakatu na jinsa daga bayan labule. Tun ranar, kullum da safe sai ta tambaye ni ko an buɗe. Na ce mata ana shawara. Na ce mata Mudir ya yi tafiya, Allah ya yafe mini, ban ma san ko ka taɓa tafiya ba. Amsoshina sun ƙare.

7. Na koma wurin shugaban leburorin sau da dama. Ya ce halas, wato magana ta ƙare, hanya ta riga ta zama hanya.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma, ba diyya ba, ba kuma a rushe hanyar ba. Ina roƙon a umarci kamfanin ya binne manyan bututu a ƙarƙashinta, yadda teku zai riƙa shiga da fita, kamar yadda takardar Dokta Othman da na haɗa da wannan ta nuna. Ina roƙon a yi haka kafin zafin bana, domin likita ya ce ƙafar da ta daɗe a kwance takan manta aikinta, kuma bai kalle ni ba da yake faɗa.

Akwai abu ɗaya da ba ya cikin takardar Dokta. Barakatu ta fi ni tsawo da yatsu huɗu. Duk Ruwais an yi mana dariya ranar aurenmu. Tun da ta kwanta, a tafkin nan ne kaɗai takan dube ni daga sama, ta ce hulata ta karkace. Ranka ya daɗe, a taimaka a sake mayar da ni gajere.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya tsare ƙafafun iyalinsa.

Naka mai biyayya,

Abdulghani Ubale