Takardun Kawu da Na Ƙona

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Balkisu da yara. Yaya sanyin Jos? Mu nan Gumel lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Yaya, na yi ɓarna, gwamma ka ji daga bakina. Bayan sadakar arba'in ɗin Kawu Sule, ni aka sa na share ɗakinsa. Na tarar da adaka cike da takardun ajami, gara ta fara ci. Ka san ban iya ajami ba. Da na ga bisimilla a saman kowace, na ɗauka ayoyi ne, na ji tsoron kada a tattaka sunan Allah. Na ƙona su, na binne tokar, har ina ganin na samu lada.

Shekaranjiya sai ga Malam Isa, abokinsa na Maigatari, ya zo karɓar waƙoƙin da Kawu yake rubutawa tun kafin a haife mu, wai an samu mai buga su a Kano. Da na faɗa masa, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "'Yata, ko ɗaya ba ta tsira ba?"

Guda ɗaya ce ta maƙale a ƙasan adakar. Ya karanta mini ita. Waƙar ranar sunana ce, Yaya.

In akwai baitin da ka riƙe cikin waɗanda yake rera mana, don Allah rubuto mini. Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza